Tsamiya mai zaƙi daga ƙwallo, da tsohuwar tsamiyar gonar gado

Malamin makaranta, Maraɗi, ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawa da masana harkar itatuwa da ke wannan zaure, tare da neman shawara a kan wani al'amari da ya shiga tsakanina da yayana tun bayan girbin bana, wanda har yau ba mu tsayar da magana a kansa ba.

Muna da gonar gado a kudancin Madarumfa, ba nisa da bakin gulbi, kuma a tsakiyarta akwai wata tsamiya wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ce shi ma haka ya tashi ya gan ta. Mutum biyu ba sa rungume gindinta sai na uku ya miƙo hannu. Tana yin ƴaƴa kusan kowace shekara, masu tsami ƙwarai, kuma da su gidajenmu biyu suke dama kunu har shekara ta zagayo. Aibinta ɗaya ne: duk inda inuwarta ta kai, hatsi ba ya yin kirki, sai ya tsiro siriri, ya yi ɗorawa, ya fitar da zangarniyar da ba ta fi ɗan yatsa ba. Yayana ya auna wurin da ƙafa, ya ce dami uku zuwa huɗu muke asara kowace damana, saboda haka yana so a kira masassaƙa su sare ta, a fitar da turame da taɓare, abin da ya rage a yi gawayi.

Ana cikin haka, bayan ƙaramar sallar bara, gwaggonmu ta dawo daga Umra da tsarabar wani ɗan kwali na tsamiya, an rubuta a jikinsa cewa daga Tailan ta fito. Ban taɓa ganin irinta ba. Ƴaƴanta kaurara ne, namanta mai yawa, ana cin ta kai tsaye kamar dabino, tsamin kuwa ɗan kaɗan ne can a ƙarshen harshe. Na tara ƙwallaye 20, na jiƙa su kwana ɗaya, na shuka a leda, 14 suka tsiro, yanzu tsawonsu ya kai kamu biyu kuma ina ba su ruwa a bayan ɗaki.

Abin da nake so in sani shi ne, shin waɗannan tsirrai za su ba da tsamiya mai zaƙi kamar uwarsu, tunda Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe? Shin ma tsamiya ɗaya ce da tamu, ko wani itace ne daban mai kama da ita? Idan kuma za su yi zaƙi, shin dabara ce in bi yayana a sare tsohuwar, mu dasa waɗannan a gefen gona inda ba za su tsare wa hatsi rana ba? Zuciyata ba ta kwanta da saran ba, amma ina son hujjar da ta fi ta zuciya kafin in sake zama da shi.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Tibiri, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa aljanna ce makomarsa. Ɗana, zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce ba ta da gyara idan aka yi kuskure: kada ku sare wannan itace. Ko da kun so, tsamiya tana cikin itatuwan da doka ta kare a Nijar tun dokar daji ta 1974, tare da gawo da kuka da ɗorawa da kaɗanya da giginya da aduwa, kuma dokar 2004 ba ta buɗe ƙofar saran irinsu ba tare da izinin ma'aikatar gandun daji ba. Amma ba tsoron tara nake so ya hana ku ba, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Tsamiyar Tailan da tamu itace ɗaya ne. Sunanta a wajen masana tsirrai Tamarindus indica, kuma masanin nan ɗan ƙasar Siwidin, Carl Linnaeus, shi ya rubuta wannan suna a shekarar 1753. Asalin kalmar daga Larabci take, tamr hindi, wato dabinon Indiya, domin daga can Larabawa suke sayo namanta a cure, baƙi-baƙi kamar dabino. Sunan ya sa mutane da yawa suna zaton itacen Indiya ce, alhali galibin masana sun tafi a kan cewa asalinta busassun dazuzzukan Afirka ne, irin namu, ta ƙetara Asiya tun zamani mai nisa, sannan a ƙarni na 16 jiragen Turawa suka kai ta Meziko da tsibiran da ke kusa. Dangin wake ce da gyaɗa da ɗorawa da kalgo, kuma a cikin jinsinta ba ta da ƴar'uwa, ita kaɗai ce. Tsamiyar biri da yara ke tsotsa, wadda ake kawowa daga kurmi, suna kawai suka haɗa, itace ne daban.

Idan bazara ta yi, ka je ƙarƙashin tsamiyarku ka tsinko fure ɗaya ka dube shi da kyau. Kafin ya buɗe jajaye ne ƴan ƙanana, jere a kan tsinke guda. Idan ya buɗe za ka ga ganyen fure uku kacal, ruwan ɗorawa, da jajayen layuka sirara kamar jijiyar ido, sauran biyun sun tsumbure har ba a lura da su. Ka tsaya shiru za ka ji itacen duka yana ƙugi, ƙudan zuma ne. Su ne ke ɗauko garin fure daga wata tsamiya su kai wa wata, kuma tsamiya ta fi ɗaukar ƴaƴa da garin wata a kan nata. A nan amsarka take. Kowane ƙwallo da ka shuka, ka san uwarsa amma ba ka san ubansa ba, kuma ko da uban mai zaƙi ne, halayen da ke ɓoye a jikinsu sukan sake cakuɗa a cikin ɗa. A cikin goma sha huɗun nan wata tana iya fitowa da ɗan zaƙi, wasu tsaka-tsaki, wasu kuma da tsami kamar ta gonarku, kuma ba mai iya gane su ta ganye. Sai sun yi ƴaƴa, tsamiyar ƙwallo kuwa a ƙasa irin tamu takan kai shekara takwas zuwa goma, wani lokaci fiye, kafin ta fara. Karin maganar da ta dace da wannan wuri ita ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Abin da ke ba tsamiya tsami wani sinadari ne da ake kira tataric, wanda ake samu a inabi ma, kuma a naman tsamiya mai tsami yakan kai kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari. Mangwaro idan ya nuna tsaminsa yakan tafi, amma na tsamiya yana nan daram, sukari ne kawai yake ƙaruwa a kansa har ya kai kashi 30 zuwa 40. Saboda haka tsamiyarku ma cike take da sukari, tsami ne ya danne shi. Ta Tailan ba wai ta fi sukari da nisa ba ne, tsamin ne ya yi ƙaranci a cikinta. Lardin Phetchabun shi ne cibiyar nomanta a can, kuma suna da iri masu suna, kamar Si Thong da Si Chomphu da Muen Chong. Indiya kuwa, wadda ta fi kowace ƙasa yawan noman tsamiya, mai tsamin ta fi bai wa ƙarfi: jami'ar aikin gona ta Tamil Nadu ta fitar da PKM-1 daga tasharta ta Periyakulam a shekarar 1992 saboda yawan ƴaƴa da saurin farawa, akwai Pratisthan a Maharashtra, akwai Urigam mai dogayen ƴaƴa, akwai kuma wata mai jan nama. Duk waɗannan da aure ake yaɗa su, wato a yanko reshen uwar a haɗa shi a kan ƙaramin tsiro, kamar yadda masu garka suke yi wa mangwaro da lemo. Mai aure takan fara ƴaƴa a shekara uku zuwa huɗu, kuma ƴaƴanta sak na uwar.

Abin da ya fi damuna a tsawon aikina shi ne wannan: kowane ɗaya daga cikin waɗancan iri masu suna ya fara ne daga itace guda, a gonar wani ko a bakin wani ƙauye, wanda wani mai ido ya lura ya fi saura, ya yanki reshensa ya yaɗa. Mu nan ba mu yi wannan aiki ba. Na yi yawo a dajin Babban Rafi da ƙauyukan da ke bin Gulbin Maraɗi, na ga tsamiya mai ƴaƴa gajeru masu ƙwallo uku, na ga mai ƴaƴa da suka fi taƙi tsawo, na ga wadda yara ke rububi saboda ana iya tsotsar ta ba a yamutsa fuska ba, amma ban ga wanda ya ba ɗaya daga cikinsu suna ko ya yi mata aure ba. Kuma waɗannan itatuwa ne da suka ga farin 1973 da na 1984 suna tsaye, a yankin da ruwan shekara yake wajen milimita 500. Na kuma lura duk tsamiyar da kake gani a gonakinmu tsohuwa ce. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi, wanda ya faro a nan jihar Maraɗi a shekarun 1980, ya dawo mana da gawo da kalgo da sabara masu yawa, domin kututturansu suna da rai a ƙasa, amma ƙaramar tsamiya da wuya ka gan ta, saboda ƴaƴan duk kasuwa suke tafiya, wanda ya tsiro kuma awaki su cinye.

Batun inuwa, yayanka yana da gaskiya. Gawo yana zubar da ganye da damana ya bar wa hatsi rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, tsamiya kuwa da damana take cika da ganye, kuma ba ta taimakon abin da ke ƙarƙashinta. Sai dai a yi lissafin duka: a ɗora dami huɗu a gefe ɗaya, a ɗora buhunan tsamiyar shekara a ɗaya gefen.

Hajiya mai tsamiya, unguwar Zariya, ta amsa:

Assalamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta mini, ni nake faɗa. Baba na Tibiri ya yi bayanin ilimi, Allah ya ƙara basira, ni kuwa zan yi na kasuwa da na madafa, domin na haura shekara ashirin ina sarin tsamiya ina sayarwa.

Malam, a duk shekarun nan ba a taɓa samun macen da ta zo wurina ta ce in ba ta marar tsami ba. Mace takan ɓalli kaɗan ta ɗora a harshe, idan ta runtse ido to ciniki ya faɗa. Dalili kuwa a fili yake: mai tsami sosai ƴar kaɗan take isar kunun gida guda, marar ƙarfi kuwa sai an zuba ninki biyu. Ta kwali na gan ta, na ci, tana da daɗi, amma kayan marmari ce ta masu hali, ba za ta dama kunu ba. Wanda ya sare mai tsami don ya shuka mai zaƙi ya bar kasuwar kowane gida ya koma ta ƴan tsiraru.

Kunun tsamiya na ƙwarai daga jiƙo yake farawa. Ana surfa gero a wanke, a niƙa shi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. Tsamiyar kuma a jiƙa ta da ruwan ɗumi a ƙwarya ko roba, ni ba na jiƙawa a tukunyar dalma domin tsamin yana cin ƙarfe, ya sauya wa ruwan ɗanɗano. Idan ta yi laushi a murje ta da hannu har ƙwallaye da zaren su rabu da naman, a tace, a ɗora ruwan a wuta. Idan ya tafasa sai a sheƙa shi a kan ƙullun ana juyawa da ludayi, nan take za ka ga ya yi kauri, ya yi haske, ƙamshin citta ya tashi. Wanda ya kai azumi cikin zafin Maraɗi ya san abin da kofi ɗaya na wannan da ƙosai yake yi wa jiki. Ban da kunu, ruwan tsamiya yana shiga tuwon dawa ya hana shi saurin lalacewa, ana yin lemonta da alewarta, iyayenmu kuma suna kwaɗa furen da sabon tohon ganyen a lokacin da ganye yake wuya. Mai ciwon da bakinsa ya yi ɗaci, ko wanda cikinsa ya ɗaure, ruwan tsamiya ake fara ba shi domin tana sassauta ciki, amma zazzaɓin sauro maganinsa yana likita, kada a tsaya a kan jiƙo. Da ita muke goge kayan tagulla su yi ƙyalli. Kakana ma yana da wata riga da ake kira tsamiya, wadda aka yi wa aiki da zaren alharinin daji mai ruwan ƙasa, na tsutsar da ke cin ganyen itacen, ba ya sa ta sai ranar salla.

Ƙorafina a kan masu kaɗo ne. Tsamiya tana yin wata takwas ko fiye daga fure zuwa nuna, sai cikin ɗari take kaiwa, alamarta kuwa ɓawon ya bushe, ka matsa shi da yatsa ya fashe, naman ya janye daga jikinsa. Amma saboda tsoron kada wani ya riga su, samari suna hawa tun ba ta ƙosa ba, su yi ta dukan rassa da sanda. Irin wannan ba ta ɓaruwa da kyau, ba ta kuma ajiyuwa. Akwai shekarar da na sari buhu shida a hannun wani, ashe an yayyafa mata ruwa don ta yi nauyi, kafin wata biyu ta yi fumfuna, rabi na zubar. Ku da kuke da taku a gona, kuna iya jira ta nuna a kan uwarta, wannan kaɗai ya sa taku ta fi ta kasuwa daraja. Ku ɓare, ku shanya a inuwa mai iska, ku cure ta, ku rufe. Sabuwa ja-ja take, idan ta kwana biyu sai ta yi baƙi, kuma masu saye sun fi son mai haske.

Ka gaya wa yayanka turmi ɗaya ake sassaƙawa a sayar sau ɗaya, ni kuwa duk shekara a shirye nake in sayi abin da ya rage muku.

Ma'aikacin gona, Jiratawa, ya amsa:

Ina gaida Baba, ina gaida Hajiya. Akwai abu ɗaya da ba a ambata ba wanda ya shafi duk mai tsamiya a gonar da ake noman gyaɗa. Ƙwaron da ke huda gyaɗa a rumbu, wanda masana ke kira Caryedon serratus, tsamiya tana cikin manyan gidajensa a daji, ita da kalgo. Macen tana saka ƙwai a jikin ɓawo, tsutsar ta huda ta shiga cikin ƙwallo ta cinye shi, sannan ta fito ta yi wa kanta ƴar jaka fara kamar takarda. Idan Hajiya ta buɗe tsohon buhu ta ga waɗannan jakunkuna da gari-gari a gindi, aikinsa ne. Ƴaƴan tsamiya suna iya zama a kan itace watanni bayan sun nuna, kuma waɗannan ragowar su ne suke riƙe ƙwaron daga shekara zuwa shekara, har ya sami gyaɗar da aka tuge aka bari tana bushewa a gona. Maganin ba sara ba ne. A kaɗe itacen tsaf a tsince na ƙasa, kada a tara gyaɗa kusa da gindinsa, kada kuma a bar ta ta daɗe a gona. Tsamiyar ajiya idan an cire mata ƙwallo an cire wa ƙwaron abinci. Buhun nan mai ciki uku na PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 domin wake, tare da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, a nan Maraɗi, yana tsare gyaɗa ma idan ta bushe sosai kuma aka ɗaure kowace leda daban.

Wani gyara kaɗan da nake yawan yi wa mutane: tsami ba shi ne bitamin C ba. Nunanniyar tsamiya ba ta da shi da yawa, garin ƴaƴan kuka ya fi ta nesa ba kusa ba. Abin da take da shi sosai shi ne sukari da bitamin B1 da sinadarai irin su fotasiyam da kalsiyam.

A kan mai zaƙi kuwa, da izinin Hajiya, ina ganin kada a rufe ƙofa. Magaryar nan mai aure, wadda ake kira tuffar Sahel, da rassan irin Indiya kamar Gola aka fara ta a kan magaryarmu ta gida, kuma tashar binciken aikin gona ta ICRISAT da ke Sadore ta taimaka wajen yaɗa ta. Da farko mutane sun yi mata kallon abin wasa, yau ga ta a tire ana sayarwa a bakin titi, kuma ba ta hana kowa cin magaryar daji ba. Tsamiya mai zaƙi tana iya samun irin wannan gurbi. Sai dai Phetchabun tana samun ruwan sama fiye da ninki biyu na namu, saboda haka wurin gwada ta garka ce mai rijiya ko fadama, ba tudun hatsi ba, kuma da reshen itacen da aka riga aka ɗanɗana ƴaƴansa.

Malamin makaranta, Maraɗi, ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa yayana amsoshin nan jiya bayan la'asar. Maganar Hajiya ta fi kama shi, domin bai taɓa lissafa abin da za mu kashe ba da a kasuwa muke sayen tsamiyar gida biyu, kuma ya tuna cewa mahaifiyarmu takan ce tamu ta fi ta maƙwabta yawan nama. Ya yarda a dakata da masassaƙa, bisa sharaɗin a rage rassan da suka sauko ta gabas. Baba, saura tambaya biyu. Yaya ake rage rassan ba tare da an cutar da itacen ba? Sannan tsirran nan 14, tunda ba a san abin da za su zama ba, in zubar da su ne?

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Tibiri, ya sake amsawa:

Kada ka zubar da ko ɗaya, ɗana, domin abin da kake da shi a bayan ɗaki shi ne rabin aikin. Ka ware uku ko huɗu ka bar su yadda suke, ka dasa su a iyakar gona, wataƙila a cikinsu a dace. Sauran kuma su zama gindin aure. Idan kaurinsu ya kai na fensir, ka je wurin tsohuwar tsamiyarku, tunda mahaifiyarku ta shaide ta da nama, ka kuma tambayi matan ƙauyukan kusa wace tsamiya ce suka fi so, domin su suka san kowace ɗaya da halinta. Ka nemi izinin mai ita ka yanko ƙananan rassa masu kauri daidai da tsironka, tsawon taƙi ɗaya, masu idanu uku ko huɗu da ba su fashe ba. Da sassafe ake yanka, a cire ganyen, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a yi aikin a ranar.

Ka datse kan tsiron a wajen taƙi ɗaya daga ƙasa, ka tsaga shi a tsakiya da sabuwar reza kamar gaɓar yatsa biyu. Ka fere gindin reshen ta gefe biyu ya yi tsini kamar bakin gatari, ka cusa a tsagar yadda ɓawon reshe zai haɗu da ɓawon tsiro aƙalla ta gefe ɗaya, domin a ƙarƙashin ɓawon ne suke kama juna. Ka ɗaure da zaren leda tamau, ka kifa wata ƴar farar leda a kai don kada ya bushe, ka ajiye a inuwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne gab da itacen zai fitar da sabon toho, sanyi ya wuce. Bayan mako uku zuwa huɗu wanda ya kama zai fashe da ganye, duk tohon da ya fito daga ƙasan ɗaurin kuma ka cire shi. Ba duka za su kama ba a hannun farko, saboda haka ka roƙi wani mai yi wa mangwaro aure ya tsaya a kanka. Ka haɗa rassan uwa biyu ko uku daban-daban a gona ɗaya saboda abin da na faɗa na ƙudan zuma.

Dashe kuwa kada ka jira bikin dashen itatuwa na 3 ga Agusta, ka yi shi cikin Yuli da zarar ƙasa ta sha ruwa, da tazarar mita 10 tsakaninsu. Saiwar tsamiya doguwa ce mai nutsewa, idan ta naɗe a gindin leda ka datse wurin da ya lanƙwashe kafin ka sa a rami. Kowace ɗaya a kewaye ta da ƙaya ko waya har shekara uku, a kuma ba ta ruwa a ranin farko da na biyu.

Rage rassan tsohuwar sai bayan kun gama kaɗe ƴaƴa, kafin fure ya fito, kuma ku sanar da ma'aikacin gandun daji na Madarumfa tukuna. A yi da zarto, ba da gatari ba. A fara shiga reshen ta ƙasa kaɗan sannan a yanke ta sama, don kada nauyinsa ya ɓare ɓawon gangar jiki idan zai faɗi. Bana ku cire biyu ko uku na ƙasa da suka tsare hantsi, ku ga yadda hatsin zai yi da damana, sauran sai baɗi. Rassan da kuka sauke su ma za su ba yayanka taɓarya da ƙotar gatari.